Daga Kaduna Zuwa Bakin Teku: Yadda Ake Tsara Doguwar Tafiyar Jirgin Sama da Yada Zango Kafin Shiga Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Wanda ya kama ɗaki a otal a ƙasar waje, idan ya makara da kwana ɗaya, zai tarar da otal ɗin a inda yake, iyakar asararsa kuɗin dare guda. Jirgin ruwan yawon shaƙatawa ba haka yake ba. Da zarar lokacin tashinsa ya yi zai bar tasha ko da fasinja yana cikin motar haya a bakin ƙofa, kuma kamfanonin da ke gudanar da waɗannan jirage ba sa mayar da kuɗi ga wanda ya makara, ko da laifin na jirgin sama ne. Saboda haka ana tsara irin wannan tafiya ne daga ƙarshe zuwa farko: a fara kafa ido a kan ranar da jirgin ruwa zai tashi da kuma sa'ar da ake rufe karɓar fasinjoji, sannan a yi ta ja da baya har a iso ranar da za a bar gida a Kaduna. Ga mai fasfon Najeriya kuwa akwai ƙarin sharaɗi da ke gaba da komai, wato biza ce ke zaɓar masa hanya, farashin tikiti yana biyo baya.

Mataki na farko: karanta jadawalin jirgin ruwan da kyau

Kafin a taɓa maganar jirgin sama, sai a ɗauki takardar jadawalin jirgin ruwan a fitar da abubuwa huɗu daga cikinta: ainihin tashar da zai tashi, tashar da zai ƙare tafiyarsa, lokacin rufe shiga, da sunan kowace ƙasa da zai tsaya. Abu na farko yana yaudarar mutane fiye da yadda ake zato, domin sunan da ke jikin talla ba koyaushe ne sunan tashar ba. Jirgin da aka ce zai tashi daga Roma, a gaskiya daga Civitavecchia yake tashi, garin da ke da nisan kimanin kilomita 80 daga birnin. Wanda aka ce na Landan ne, galibi Southampton yake, tafiyar kusan kilomita 100 daga filin jirgin sama na Heathrow. Venis kuwa tun watan Agusta na 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, don haka wasu kamfanoni suka koma Marghera da ke kusa, wasu kuma suka koma Ravenna ko Trieste, waɗanda kowannensu tafiyar sa'o'i ce a mota. Basalona tana daga cikin masu sauƙi, saboda filin jirgin samanta da tashar jiragen ruwanta ba su da nisa da juna.

Idan jirgin zai tashi daga wani gari ya ƙare a wani, misali daga Basalona zuwa Civitavecchia, to ba tikitin zuwa da dawowa na al'ada za a saya ba. Ana neman tikitin garuruwa da dama ne, wanda zai sauke mutum a gari na farko ya ɗauke shi daga na biyu. Sayen tikitin zuwa daban da na dawowa daban yakan fi tsada nesa ba kusa ba.

Lokacin shekara ma yana nan a cikin jadawalin. Jiragen Bahar Rum sun fi yawa daga Afrilu zuwa Oktoba, na Tekun Fasha da ke tashi daga Dubai da Doha suna aiki ne a watannin sanyi, kusan daga Disamba zuwa Maris, na Durban a Afirka ta Kudu kuma a lokacin zafinsu, wanda ya yi daidai da ranin mu. A Jidda, kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara jigila a Disamba 2024, kuma iyalai Musulmi da yawa za su fi samun natsuwa da tsarin abincinsa da na zamansa. Amfanin sanin lokacin zai fito fili idan muka zo kan maganar hazo.

Mataki na biyu: fasfo da biza, inda tafiya ke tabbata ko ta watse

Yawancin kamfanonin jiragen ruwa suna buƙatar fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar da tafiya za ta ƙare, tare da shafuka marasa hatimi. Wanda fasfonsa ya kusa cika ko ya kusa ƙarewa, ya fara da ofishin Hukumar Shige da Fice tun kafin ya biya ko kwabo, kuma idan tafiye-tafiyensa suna da yawa ya nemi mai shafi 64 na shekara goma maimakon mai shafi 32 na shekara biyar. A nan ne kuma ya kamata a daidaita rubutun suna. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri, Muhammad da Mohammed da Muhammed, Aisha da Aishatu, Abdullahi da Abdullah, kuma abin da ake so shi ne harafin da ke cikin fasfo ya zama shi ne a tikitin jirgin sama, a rajistar jirgin ruwa, da takardar inshora, ba tare da ragi ko ƙari ba.

Ƙa'idar da ke ba mutane mamaki ita ce, kamfanin jirgin ruwa yakan nemi bizar kowace ƙasa da ke cikin jadawali, ko da fasinja ya ce ba zai sauka ba, zama zai yi a ɗakinsa. Akwai tashoshin da ke yi wa fasinjojin jirgin ruwa sassauci, amma sassaucin ya danganta da ƙasar da ta ba da fasfo, don haka abin yi shi ne a rubuta wa kamfanin, a ambaci cewa fasfon na Najeriya ne, a nemi amsa a rubuce game da kowace tasha ɗaya bayan ɗaya. Maganar baki ta ejan, komai kirkinsa, ba ta buɗe ƙofar jirgi.

Ga mai nufin Bahar Rum, bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ita ce ginshiƙi. Tun daga ranar 11 ga Yuni 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, ban da ladan kamfanonin da ke karɓar takardu a madadin ofisoshin jakadanci, irin su VFS Global da TLScontact da BLS. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa kuma a ƙa'ida tana fitowa cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, kuma samun ranar ganawa kanta yakan ɗauki makonni a lokacin cunkoso. Dole ne a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kwanakin sun yi daidai kuma sai ƙasar da za a fara shiga. Tun da jirgin ruwa yini guda yake yi a kowace tasha, kwana biyun da mutum zai yi a garin tashi kafin shiga jirgi su ne ke rinjayar da lissafi zuwa ga ƙasar, wanda hakan ke sauƙaƙa bayani a gaban jami'in biza.

Akwai tarko guda a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Idan jirgin zai fita daga yankin Shengen ya sake komowa, misali ya bar Girka ya tsaya a Turkiyya, ko ya bar Sifaniya ya leƙa Maroko ko Tunisiya, to bizar shiga sau ɗaya ta ƙare aikinta a lokacin da aka fita. Ana buƙatar ta shiga sau biyu ko sau da yawa, kuma wajibi ne a faɗi haka a fom, a haɗa da jadawalin jirgin a matsayin hujja, sannan idan fasfo ya dawo a duba abin da aka buga a kan bizar, kada a ɗauka an ba da abin da aka roƙa. Kuroshiya ta shiga yankin Shengen tun Janairu 2023, amma Montenegro da Albaniya da Saifurus ba sa ciki. A ganina, wanda wannan ce tafiyarsa ta farko ya zaɓi jadawalin da duk tashoshinsa ke cikin yanki ɗaya, kamar Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta, ya huta da tara biza uku saboda hutun mako guda.

Jiragen Karibiyan da ke tashi daga Mayami sun fi kowanne wahala ga ɗan Najeriya. Amurka ba ta da tsarin wucewa ta filin jirgi ba tare da biza ba, komowar jirgin ruwa daga tsibirai kuma shiga ce ta biyu, alhali a watan Yuli na 2025 ƙasar ta taƙaita yawancin bizar ziyara ga 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku. Wanda ba shi da tsohuwar biza mai shiga da yawa da ke aiki, gara ya duba wani teku.

Wata dabara ta tsarin lokaci: kamfanonin jiragen ruwa sukan karɓi kafin alƙalami tun da wuri, su sanya ranar biyan cikon kuɗi watanni biyu zuwa huɗu kafin tashi, kuma daga wannan rana tarar fasa tafiya take hauhawa. A nemi biza da wuri yadda amsa za ta fito kafin ranar cikon. Idan aka hana, asarar ba za ta wuce kafin alƙalami ba. Haka nan kada a sayi tikitin jirgin sama wanda ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta shigo hannu.

Mataki na uku: zaɓen filin tashi da garin sauya jirgi

Filin jirgin saman Kaduna, wanda ya ɗauki nauyin zirga-zirgar Abuja na tsawon mako shida a 2017 lokacin da ake gyaran titin jirgi a can, ba a nan ake samun jiragen ƙetare na yau da kullum ba. Mutumin Kaduna yana da zaɓi uku: Abuja, Kano, ko Legas. Abuja ce ta fi dacewa a mafi yawan lokuta, domin daga can akwai Turkish Airlines zuwa Istanbul, Ethiopian Airlines zuwa Adis Ababa, Qatar Airways zuwa Doha, EgyptAir zuwa Alƙahira, Lufthansa zuwa Frankfurt, Air France zuwa Faris, da British Airways zuwa Landan. Kano tana da amfani ga mai nufin Jidda ko Alƙahira. Legas ta fi yawan jirage, Emirates ma can ta koma aiki a Oktoba 2024 bayan dakatarwar kusan shekara biyu, amma zuwa Legas yana ƙara wa tafiya jirgin cikin gida, wanda shi ne gaɓar da ta fi kowace rauni a dukan tsarin.

Garin da za a sauya jirgi ba abin wasa ba ne ga mai koren fasfo. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da 'ya'yansu ke buƙatar bizar wucewa ko da ba za su fita daga filin jirgin ƙasar Shengen ba, sai dai wanda ke riƙe da cikakkiyar bizar Shengen ko bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai aiki. Birtaniya ma tana da irin wannan doka da nata sharuɗɗan keɓewa, kuma bizar Shengen ta ziyara ba ta isar da mutum a Heathrow. Ke nan mai zuwa Basalona da ya ga tikiti mai sauƙin kuɗi ta Landan, ya sani akwai wata biza a ɓoye cikin farashin. A Istanbul da Doha da Adis Ababa kuwa, wanda ke kan tikiti ɗaya kuma bai fita daga sashen masu wucewa ba, ba a neman biza a hannunsa, shi ya sa waɗannan garuruwa suka zama hanyar mutanenmu.

Wanda ya bi ta Frankfurt ko Faris zuwa wani birni a yankin Shengen, a filin farko jami'an shige da fice za su tantance shi, ba a garin da zai sauka ba. Tun daga 12 ga Oktoba 2025 ƙasashen Shengen suka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, wanda ya ƙara tsawon layi. Tazarar sa'a ɗaya da rabi da kwamfuta ke nuna cewa ta isa, a takarda ne kawai ta isa. Shawarata ita ce kada tazarar sauya jirgi ta gaza sa'a uku, idan kuma akwai tantancewar shiga ƙasa a tsakani a kai ta huɗu.

Mataki na huɗu: tikiti ɗaya, daga farko har ƙarshe

Shafukan kwatanta farashi sukan haɗa jirage biyu na kamfanoni daban a kan tikiti biyu, su nuna ragin da ke jan ido. Araha ba ta ado. A kan tikiti ɗaya, idan jirgin farko ya makara har aka rasa na biyu, alhakin kamfani ne ya saka fasinja a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kaya kuma suna wucewa kai tsaye zuwa zangon ƙarshe. A kan tikiti biyu, kamfani na biyu zai ɗauki mutum a matsayin wanda bai zo ba, kuma a garin sauya jirgi sai ya fita ya karɓi kayansa ya sake awo, wanda ke nufin shiga ƙasar, wato biza. Bugu da ƙari, jiragen Turai masu rahusa irin su Ryanair da Vueling suna cajin kowace jaka daban, alhali tikitin da ya taso daga Najeriya a kamfanoni da yawa yana ba da jaka biyu masu kilo 23 kowace.

A kuma kiyaye wata ƙa'ida: wanda ya tsallake zango ɗaya na tikitinsa, kamfani yana soke duk sauran zangunan, har da na dawowa.

Wasu kamfanonin jiragen ruwa suna sayar da tikitin jirgin sama haɗe da na ruwa, tare da alkawarin taimaka wa fasinja ya cim ma jirgi idan an samu jinkiri. Tsari ne mai kyau, amma a tambaya ko ya haɗa da tashi daga Abuja, a kuma nemi a sauke mutum kwanaki kafin ranar tashi ko da hakan zai ƙara kuɗi.

Mataki na biyar: lissafin kwanaki daga baya

A ɗauka jirgin ruwa zai bar Basalona ranar Asabar da ƙarfe shida na yamma. Ana rufe karɓar fasinjoji sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi, don haka wa'adin gaskiya ƙarfe huɗu ne, mai hankali kuma da hantsi zai isa tasha. Mutanen Turai sukan ce kwana ɗaya kafin tashi ya wadatar, kuma ga wanda ke da jirage goma a rana tsakanin garinsa da Basalona gaskiya ne. Mai tasowa daga Abuja ba ya cikin wannan hali, domin kamfanoni da yawa jirgi ɗaya suke da shi a rana, wasu ma ba kullum ba, ta yadda soke jirgi guda na iya cin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka a sauka Basalona ranar Alhamis. Tun da yawancin jiragen Turai da Turkiyya da dare suke barin Abuja, kuma tafiyar Istanbul ko Landan sa'a shida zuwa bakwai ce kafin a ƙara jirgi na biyu, tashin zai kama daren Laraba.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne marar tushe. A Afrilu 2024 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya dagula filin jirgin Dubai na kwanaki. A 21 ga Maris 2025 gobara a tashar wutar lantarki ta rufe Heathrow kusan yini guda. A 23 ga Yuni 2025 Qatar ta rufe sararin samaniyarta na wasu sa'o'i. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da fasinja zai iya hangowa, kuma abin da ya raba wanda ya cim ma jirginsa da wanda ya rasa shi ne yawan kwanakin da ya bari a tsakani.

Yanzu sai gaɓar gida. Jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja, wanda aka ƙaddamar a Yuli 2016, yana tashi daga Rigasa ya tsaya a Kubwa da Idu, tafiyar kilomita 186. Ana sayen tikitinsa ta intanet, kujeru kuma suna ƙarewa da wuri a ƙarshen mako da lokutan bukukuwa, jadawalinsa ma yana canzawa. Wanda zai tashi daren Laraba ya shiga jirgin safe na ranar, in kuma da iyali da tsofaffi ne, ya tafi tun Talata ya kwana a Abuja. Mai bin titi ya yi tafiyarsa da rana, ya ƙara sa'o'i a kan abin da ya saba saboda aikin hanya da cunkoson shiga Abuja ta Zuba. A isa filin jirgi sa'a huɗu kafin tashi, domin duba takardun biza a teburin awon kaya yana cin lokaci.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana hana jirage sauka da tashi a filayen Arewa, musamman Kano da Kaduna, kuma wannan shi ne daidai lokacin jiragen ruwan Dubai da Doha. Wanda ya shirya tafiya a waɗannan watanni kada ya jingina da jirgin cikin gida a ranar tashinsa zuwa waje, ya kuma ƙara kwana ɗaya a lissafinsa.

Mataki na shida: yada zango a hanya

A tsarin kamfanonin jiragen sama, tsayawar da ta wuce sa'a 24 ita ce yada zango, wadda ta gaza haka kuma sauya jirgi ce kawai. Turkish Airlines da Qatar Airways suna da shirye-shiryen otal da zagayen gari ga masu wucewa, Ethiopian Airlines ma takan ba da masauki ga wanda jiransa ya yi tsawo a Adis Ababa, amma duk wanda zai fita daga filin jirgi sai ya cika sharaɗin shiga ƙasar, kuma sharuɗɗan da aka gindaya wa fasfon Najeriya sun fi na wasu tsauri. A tabbatar da cancanta daga kamfanin kafin a gina shiri a kai.

Ra'ayina a nan shi ne a ajiye yada zango sai a dawowa. Kwana biyu a Istanbul a kan hanyar zuwa yana nufin akwai sauran jirgi guda tsakanin mutum da tashar jirgin ruwa, da duk haɗarin da ke tattare da shi, alhali kwana biyun nan da an yi su a Basalona ko Roma, an huta kuma an tsira. A dawowa babu abin da ke jira da agogo, sayayya ma ta fi ma'ana tun da ba za a yi ta jan kaya cikin ƙaramin ɗakin jirgin ruwa ba. Wanda kawai wannan shawara ba ta shafa ba shi ne tsoho ko mai rashin lafiya da ba zai jure doguwar tafiya a jere ba. Shi kam a raba masa tafiyar, amma duk da haka a bar masa kwanansa biyu a garin tashi.

Mataki na bakwai: kaya, lafiya da guzuri

Jakar hannu ita ce za ta ceci tafiya idan manyan jakunkuna suka ɓace. A sa mata fasfo, katin shaidar rigakafi, takardun jirgin ruwa da na otal da na inshora a buge a takarda, magunguna cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita, tufafin kwana biyu, caja, da batirin ajiyar wuta wanda dama ba a yarda a sa shi cikin kayan awo ba. Ma'aurata su raba tufafinsu tsakanin jakunkuna, kowa ya sami wani abu a jakar ɗan'uwansa. Idan jaka ba ta fito ba, kada a bar filin jirgi sai an cika takardar rahoton ɓatan kaya an karɓi lambarta, a kuma ba su sunan jirgin ruwa da jadawalin tashoshinsa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora wa kamfani alhakin jinkirin kaya, kuma bayan kwana 21 ana ɗaukar jakar a matsayin ɓatacciya, don haka a adana rasit na duk abin da aka saya na dole.

Kilishi da dambun nama da man shanu su tsaya a gida, domin Tarayyar Turai ta haramta wa matafiya shigar da nama da kayan madara. Jiragen ruwa kuma suna ƙwace duk abin da ke iya tayar da gobara, kamar dutsen guga da butar dafa ruwa ta lantarki da kyandir, kuma kaskon turaren wuta yana cikin wannan hukunci, abin da ya kamata a faɗa wa uwargida tun ana shirya kaya. Mai bi ta Dubai ya sani Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana tsananta hukunci kan magunguna irin su tramadol da kodin.

Allurar rigakafin shawara tana fara aiki a hukumance kwana goma bayan an yi ta, kuma tun Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shaidarta ta tsawon rai. Ƙasashe kamar Afirka ta Kudu da Masar da Saudiyya suna neman katin daga mai tasowa daga Najeriya, ana kuma karɓarsa ne daga sashen kula da lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Yawancin kamfanonin jiragen ruwa ba sa ɗaukar mace da cikinta zai shiga mako na 24 a lokacin tafiya, ba sa kuma ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba. Zaman sama da sa'a huɗu wuri ɗaya yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, don haka a riƙa miƙewa ana takawa ana shan ruwa. Bambancin lokaci ba babbar matsala ba ce ga mai zuwa Turai, domin Sifaniya da Italiya agogonsu ɗaya da namu a hunturu, a lokacin zafinsu kuma sa'a ɗaya suke gabanmu, Istanbul da Doha da Jidda sa'a biyu, Dubai uku. Abin kula shi ne kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin ne, kuma mai shan magani a kan ƙa'ida ya daidaita da likitansa. Musulmin da zai bi kamfanin Turai ya nemi abincin halal kwana biyu kafin tashi, ya kuma tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun yana gida, tare da lura cewa alƙibla tana juyawa a jirgin ruwa duk lokacin da ya sauya hanya.

Inshorar da aka saya don biza sau da yawa lafiya kaɗai ta ƙunsa. A nemi wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara, ta haɗa da rasa jirgi saboda jinkiri da kuma kwashe marar lafiya daga teku. Game da kuɗi, jirgin ruwa yana riƙe wani adadi a katin banki a ranar shiga, don haka a tafi da katin dala da aka gwada shi, da wani na biyu daga wani banki, da ɗan tsabar kuɗi. Abin da ya kai Yuro 10,000 wajibi ne a bayyana shi ga kwastam a Tarayyar Turai, a Najeriya kuma abin da ya haura Dala 10,000.

Idan duk da haka an makara, da kuma tikitin dawowa

A cikin takardun jirgin ruwa akwai lambar gaggawa ta ranar tashi. Da zarar an tabbatar ba za a isa ba, a kira ta tun daga filin jirgi, a tambaya ko za a yarda a shiga a tasha ta gaba, domin wannan izini ne da kamfani da hukumomin tashar ke bayarwa, ba haƙƙi ba ne, kuma sai bizar da ke hannu ta ba da damar shiga ƙasar. A karɓi shaidar jinkiri a rubuce daga kamfanin jirgin sama saboda inshora. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana ba da diyyar da ke kaiwa Yuro 600 a doguwar tafiya idan laifin kamfani ne, kuma ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen Tarayyar, da jirgin kamfanin wata ƙasar Tarayyar da ya nufi can daga Abuja ko Legas.

A ranar dawowa jirgin ruwa yakan iso tasha da asuba, amma fasinjoji ba sa fita sai hukumomi sun ba da izini, sannan a sauke su rukuni-rukuni har zuwa hantsi. Kada a ɗauki jirgin sama da zai tashi kafin azahar, daga tasha mai nisa kamar Civitavecchia ko Southampton kuwa a bar shi zuwa la'asar ko washegari. A duba cewa kwanakin da aka rubuta a biza sun rufe har ranar fita, da rarar kwana ɗaya ko biyu saboda jinkiri. Idan jirgin dawowa zai sauka Abuja da yamma ko da dare, a kama masauki a can tun kafin a bar gida, a sayi tikitin jirgin ƙasa na washegari daga Idu zuwa Rigasa.